Wa Zai Ci da Tsoho?

Kasuwar Hedzranawoe tana arewa maso gabashin birnin Lome, ba nisa da filin jirgin sama. Duk wanda ya taɓa sayen gwanjo a ƙasar Togo ya san sunanta, gama can ake kwance dilolin tufafi da ke sauka a tashar jirgin ruwa, daga can kuma kaya suke bazuwa zuwa ƙasashen maƙwabta. Mutanen gari suna cikinta, Ibo suna ciki, Hausawa da Zabarmawa da sauran mutanen zango suna ciki. Yawancinsu ba su da albashi. Abin da hannu ya kamo yau shi ake kaiwa gida da yamma. Idan aka yi wa ɗayansu maganar ritaya sai ya yi dariya, ya ce ai wannan zancen ma'aikatan gwamnati ne, ɗan kasuwa ba ya ritaya.

Da gaskiyarsa. Babu ofishin da zai aiko masa da takarda a ce ya cika shekara 60, ya je ya huta. Amma jiki yana da tasa sallama, ba ya kuwa neman shawarar kowa. Mutumin da yake ɗaga dila shi kaɗai, wata rana sai ya kira yaro ya kama masa. Wanda yake gane yadi mai kyau daga nesa, sai an kawo masa shi gaban hanci. Sannu a hankali masu saye su koma rumfar saurayin da ke kusa, wanda ya san abin da samari ke so bana. Ran da ƙarfi ya ƙare, ci ba ya ƙarewa, kuɗin haya ba ya ƙarewa, kuɗin magani kuwa sai ma ya ƙaru. To, wa zai ci da tsoho?

Amsar da aka fi ji a zango ita ce, 'ya'yansa mana, don me ya haife su?

Wannan amsa ba ta wauta ba ce, bai kuwa kamata a raina ta ba, gama ta daɗe tana aiki. A tsohon zangon Lome, wanda yake can tsakiyar gari, babban mutum shi ne mai gida. Fatake su zo da shanu daga arewa, ko su zo cinikin goro, su sauka a gidansa. Ya ba su ɗaki da abinci, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan an ɗauki kaya bashi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Yana da yara masu yi masa aiki, waɗansu na cikinsa, waɗansu 'ya'yan mutane da ya riƙa. In yaro ya girma ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sake shi. Irin wannan mutum idan ya tsufa ba ya neman fansho. Ya riga ya zuba dukiyarsa a cikin mutane, daga cikin mutane kuma take komo masa, yau buhun shinkafa, gobe riga, jibi kuɗin asibiti. Shi ne ake kira arzikin mutane.

An kuwa gwada ƙarfin wannan arziki. A shekarar 1977 gwamnati ta rushe zangon nan, aka kwashe mutanensa aka kai su wajen kilomita 15 arewa da gari, inda ake kira Agoe Zongo yanzu. A filin da suka tashi aka gina manyan gine-ginen bankuna. Gidajen da dattawa suka ɗauka su ne madogarar tsufansu suka zama tarin ƙasa, aka kuma nisanta su da kasuwa. Wanda dukiyarsa duka bango ce ya ga tashin hankali. Wanda ya yi mutane bai rasa masu kama masa ya sake kafa gida ba. Saboda haka idan dattijo ya ce mutum ya fi kuɗi, daga abin da idonsa ya gani yake magana.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda. Mai gidan nan bai zauna ya naɗe hannu yana jiran 'ya'ya ba. Tanadi ya yi, shekara da shekaru, yana hana kansa yana ba yara jari. Ya shuka kafin ya girba. Mutumin yau da ke cewa 'ya'yana za su riƙe ni, sau da yawa ya ɗauki rabin maganar kakanni ya bar rabi. Ya riƙe girbin, ya manta da shukar.

Ga kuma halin da ɗan yake ciki. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata tun daga Janairu 2023, kafin nan 35,000 ne, akwai kuwa da yawa da ko wannan ba su samu. Saurayin da ke tuƙa babur na haya, wanda mutanen Lome ke kira zemijan, sai ya fara cire kuɗin mai da kuɗin mai babur kafin ya san abin da ya rage masa. Yana biyan haya, yana da mata, yana da yara a makaranta. Idan aka ɗora masa uwa da uba a kan wannan, ba zai ƙi ba, gama ɗan halal ne. Amma daga ina zai ciro? Daga kuɗin makarantar 'yarsa zai ciro, ko daga ɗan abin da shi ma ya kamata ya ajiye domin nasa tsufan. Ta haka rashin tanadin mutum ɗaya yake bi ta kan ɗa ya sauka a kan jika. Duk wanda ya taɓa jin ɗa yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan watan ba zai yiwu ba," kansa a sunkuye, ya san kunyar ta kama su duka biyu.

A nan ne ya kamata a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Haƙƙi ne a kan ɗa ya kula da iyayensa. Masallaci yana koyar da haka, majami'a tana koyar da haka, kakanni ma tun kafin zuwansu sun san haka, babu kuwa wani lissafi da zai sauke wa ɗa wannan kaya. Amma kasancewar haƙƙin yana kan ɗa bai ba uba izinin ya cinye abin da zai iya ajiyewa ba, yana cewa ai akwai mai ɗauka. Uban da bai taɓa samun rara ba, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen ciyar da yara da sa su makaranta, ba a bin sa laifi ko kaɗan, shi ma ya yi irin tanadin mai gida. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda kasuwa ta yi masa kyau shekara ashirin, ya ƙara aure ba domin bukata ba, ya yi ta liƙi a wurin biki don a faɗi sunansa, sa'an nan ya wayi gari ba sisi ya ce ina 'ya'yana. Wannan ya ci rabonsa, ya kuma miƙa hannu cikin rabon jikokinsa. Za a ci da shi, ya kamata ma a ci da shi, amma kada ya ce bai yi wa kowa laifi ba.

Akwai masu tsoron Allah da ke da wata damuwa dabam. Sukan ce gobe ta Allah ce, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci, mutumin da ke ƙirga abin da zai ci bayan shekara talatin yana nuna bai amince da Mahaliccinsa ba, ya ma san zai kai? Ba a yi wa wannan magana ba'a, gama akwai gaskiya a cikinta. Amma manomi ma ya san gobe ta Allah ce, duk da haka yakan ware iri ya rataye, ko yunwar bazara ta matsa ba ya taɓa shi, ba a kuwa taɓa jin an kira shi marar bangaskiya ba. Labarin Yusufu a Masar, wanda Musulmi da Kirista duk suka sani, labarin tanadi ne. An tara hatsi a shekarun ƙoshi bakwai domin shekarun yunwa bakwai, Allah ne kuwa ya bayyana masa abin da ke zuwa don ya yi shiri. Tsufa bai ma bukaci mafarkin sarki ba. Kowa yana ganinsa a fuskar ubansa.

Gaskiya ne Yesu ya ba da misalin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Waɗansu sukan kawo wannan su ce ga ƙarshen mai tanadi. Amma in an duba misalin da kyau, mutumin nan bai tuna da kowa ba sai kansa, ya kuma ɗauka hatsi zai tsare masa rai. Yusufu ya tara domin a buɗe rumbu a ciyar da jama'a. Dukansu biyu tarawa suka nufa. Abin da za a tambayi mai tanadi shi ne, domin wa kake tarawa, kuma kana iya barci? Wanda ya ware ɗari biyar ya ajiye ya yi addu'arsa ya kwanta, ya fi kusa da dogara ga Allah bisa wanda bai ajiye kome ba amma dare ya raba yana juyi a kan tabarma.

Gardamar da ta fi waɗannan duka ƙarfi ba daga addini take fitowa ba. Daga abin da mutanen Lome suka gani da idonsu take fitowa. Sukan ce, mun ga masu tanadi, mun kuma ga abin da ya same su.

Lalle an gani. A watan Nuwamba 1992 aka shiga yajin aikin gama gari a Togo, aka yi kusan wata tara ana cikinsa. Ofisoshi a rufe, albashi ya tsaya, a farkon 1993 kuma tashin hankali ya sa mutane masu ɗimbin yawa suka tsere zuwa Gana da Binin. Wanda ya ajiye ɗan wani abu ya cinye shi a gudun hijira. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga ranar 11 ga Janairu 1994, aka sanar daga birnin Dakar cewa an karya darajar sefa. Da, sefa 50 ke sayen faran guda na Faransa, aka wayi gari sai da 100. Lambar da ke cikin littafin ajiyar mutum ba ta canja ba, fanshon tsohon ma'aikaci bai ragu ko dala ba a takarda, amma duk abin da ake shigowa da shi daga waje, magani da yadi da kayan gyaran mota, ya yi tashin gwauron zabo. Wanda dukiyarsa take cikin kaya ko gida ko shanu ya tsira da mafi yawanta. Mai tsabar kuɗi ne ya sha kashi.

To, sai a ce a riƙe kaya ke nan. A watan Janairu 2013 kasuwar Kara ta ƙone, bayan kwana biyu babbar kasuwar Lome ta kama da wuta. Matan da suka shekara talatin suna juya atamfa, waɗanda duk abin da suka mallaka yana jibge a rumfa, suka tsaya suna kallon hayaƙi. Waɗansu har kuɗin cinikinsu a nan suke kwana. A watan Disamba 2023 aka sake ganin irin wannan a kasuwar Agoe Asiyeye. Wanda kuma ya ce shi ba banki ba rumfa, a ƙarƙashin katifa zai ɓoye, ya tuna da shekarar 2004, lokacin da babban bankin ƙasashen sefa ya janye tsofaffin takardun kuɗi, ya ba da 'yan watanni a canja su. Wanda bai ji ba, ko yana nesa, ko ya mutu bai faɗa wa kowa inda ya binne ba, takarda ce kawai ta rage. Fili fa? A Lome ba baƙon abu ba ne a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, shari'ar fili kuwa tana iya cinye fiye da kuɗin filin. An yi sabuwar dokar ƙasa a 2018, amma har yanzu wanda ya biya kuɗi bai bi ya sami takardar mallaka ta hukuma ba, rigima ya saya wa magadansa.

Na ƙarshe ya fi ciwo, gama da hannunsu mutane suka kai. A shekarar 2010 wani kamfani a Binin mai suna ICC Services ya rushe da ajiyar dubban mutane. Ya yi musu alkawarin ribar da babu wata sana'a a duniya da ke haifar da ita, yana biyan na farko da kuɗin na baya, shugabanninsa kuma suka shigo wa jama'a da rigar addini. A shekarar nan ce gwamnatin Togo ta dakatar da wata ƙungiya mai suna ReDeMaRe a Lome, mutane da yawa suka daɗe suna bin kuɗinsu. Abin lura, waɗanda irin wannan rami ke ci sau da yawa masu son tanadi ne, waɗanda suka ga shekaru sun ja, abin hannu kaɗan ne, suka nemi hanyar da zai ninka da sauri. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk wannan gaskiya ne. Amma me ya nuna? Ya nuna kowace ma'ajiya tana da nata ɓarawo. Karyewar kuɗi tana cin tsaba, wuta tana cin kaya, katafila da shari'a suna cin gida, fari yana cin shanu, mutuwa da talauci da nisa suna cin 'ya'ya. Sai dai ba su cika zuwa rana ɗaya ba. Karyewar 1994 ba ta taɓa mai ɗakin haya kamar yadda ta taɓa mai littafin banki ba, gobarar 2013 kuma ba ta shiga littafin banki ba. Wanda ya dubi wannan tarihi ya ce to ba zan ajiye kome ba, bai tsere wa ɓarayin ba. Ya dai zaɓi ma'ajiya guda ce, watau 'ya'yansa, ya zuba kome a ciki, ita ce kuwa ma'ajiyar da take jin zafi idan an matsa ta. Abin da hankali ya nuna shi ne a rarraba, kaɗan a nan kaɗan a can, kada kuma a ba wa ko ɗaya cikinsu amanar da ta Allah ce kaɗai.

Hanyoyin suna nan, ba ɓoyayyu ba ne. Akwai adashi, wanda kowace mace a zango ta sani. Akwai masu yawo rumfa rumfa suna karɓar ajiya kullum, da kati mai gida 31, su cika wa mutum gida guda kowace rana, ƙarshen wata su mayar masa da na kwana 30 su riƙe na kwana ɗaya ladan wahalarsu. Wannan yana da amfani domin yana raba mutum da kuɗin kafin ya kashe, amma ma'ajiyar wata guda ce, ba ta shekara ashirin ba, mai ajiya ne ma ke biya. Abin da aka karɓa ƙarshen wata sai an san inda za a kai shi. Akwai ƙungiyoyin ajiya da rance na haɗin kai, waɗanda aka fara a Togo a 1969 a garin Kunyohu, ta hannun wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna James Winter, waɗanda yau suke ƙarƙashin FUCEC. Wanda addininsa ya hana shi cin ruwan kuɗi yana iya ajiyewa ba domin ruwa ba, in ya taru ya mai da shi ɗaki ko dabba. Lissafin ba shi da wuya. Sefa 500 a rana, kwana 300 na kasuwa, ya zama 150,000 a shekara, miliyan 3 a shekara 20, ko ba a ƙara masa kome ba. Ba arziki ba ne, tsadar kaya kuma za ta gutsure shi. Amma yana iya zama ɗaki ɗaya ko biyu na haya, ɗakin haya kuwa kuɗinsa yakan tashi tare da tsadar.

Mai albashi yana da wata ƙofa. Ma'aikatan gwamnati suna da asusun fanshonsu, na kamfanoni da shaguna kuma suna ƙarƙashin asusun CNSS. Ana cire kashi 4 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara nasa kaso wanda ya fi wannan yawa. Wanda ya cika shekara 60, an kuma zuba masa aƙalla wata 180, watau shekara 15, yana samun kashi 20 cikin 100 na matsakaicin albashinsa, kowace shekara da ya ƙara a kan 15 kuma tana ƙara masa kaɗan. Mai albashin 200,000 ke nan zai tashi da wajen 40,000 a wata bayan shekara 15, wajen 80,000 bayan shekara 30. Mai karatu ya ga ko fansho ba ya ɗaukar tsoho shi kaɗai. Dokar 2011 ta buɗe ƙofar asusun ga masu sana'ar kansu ma, ko da yake shigarsu tana tafiyar hawainiya. A nan akwai wani haƙƙi da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Mutumin da ya ɗauki mai gadi ko direba ko malamin makaranta ko mai dafa abinci, shago ne ko makaranta ko wurin ibada, ya riƙe shi shekara ashirin bai rubuta sunansa a asusun ba, ya ci ƙarfin mutum ya bar wa waɗansu tsufansa. Wanda kuma yake cire kuɗin daga albashi ba ya kaiwa, sunan abin da ya yi sata. Ya kamata ma'aikaci ya je da ƙafarsa ya duba tun yana da shekara 40, kada ya bari sai ranar sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi wuya, wanda lissafi ba ya warwarewa. A ce mutum ya daure ya tara 400,000. Ran nan ƙanensa ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri." Ba mutum ɗaya ba ne kuwa, gama a zango duk wanda aka ga yana da rumfa, hanyar gidansa ba ta tsiro ciyawa, ga na nan, ga masu kira ta waya daga Sakkwato ko Maraɗi ko Tawa. In ya ba kowa, ba abin da zai taru har abada. In ya hana, ya zama marowaci, ya kuma yanke igiyar zumuncin da ita ma rumbun tsufa ce. Mutane da yawa sun sami mafita mai sauƙi, watau ƙarya. Su rantse ba su da ko dala, alhali littafi yana cikin aljihu. Wannan mafita tana tsare kuɗi, amma tana ɓata mai ita, ran da aka gane kuwa ba a sake yarda da shi ko a kan gaskiya.

Abin da ya fi shi ne mutum ya raba tun da wuri, ya san wannan kason na taimako ne, wancan iri ne. In na taimako ya ƙare ya faɗi gaskiya, ya ce akwai abin da na ajiye domin kada in zame muku kaya, ba zan taɓa shi ba saboda wannan. Za a yi fushi, amma fushin gaskiya yakan huce. Sai kuma ya duba irin bukatar. Kayan lefe, ragon suna na biyu, ɗinkin anko, abincin taron makoki da ya wuce ƙima, waɗannan ba su isa a fasa rumbu ba, ko wa ya roƙa. Amma idan rai ne, mace tana naƙuda ana neman kuɗin fiɗa, ko yaro yana kwance ana neman jini, to a fasa, kada a tsaya lissafi. Ajiyar da ba a iya buɗe ta domin ceton rai ta riga ta zama irin ta mai manyan rumbunan nan. Mai ita zai iya tsufa hannu wofi saboda abin da ya yi, wannan gaskiya ce, ba kuwa wanda zai yi masa alkawarin za a rama masa. Shi ya sa inshorar lafiya ta ƙasa da aka fara a Togo a 2024 ta shafi maganar tsufa ƙwarai, gama asibiti ne ya fi kome cinye tanadin talaka.

Akwai kuma waɗanda duk wannan zance bai iso gare su ba. Matar da ke dakon kaya a ka daga bakin titi zuwa cikin kasuwa, wadda abin da ta samu bai kai ta gobe ba, in aka ce mata ta ajiye 500 a rana an yi mata ba'a. Ita da irinta, da gwauruwar da ba ta haihu ba, da baƙon da ya tsufa nesa da garinsu, tsufansu yana wuyan unguwa ne, da masu zakka, da masu baiko. Wanda ya yi tanadi ya sauke kansa daga wuyan jama'a, ya kuwa bar musu wuri. Tuwon da za a kai wa dattijon da ya ɓarnatar da nasa, da ita aka kai wa.

Sauran abu ɗaya, wanda ba na kuɗi ba ne ɗungum. Dattawa da yawa a kasuwa sun tara, amma ba su shirya sakin hannu ba. Mabuɗin rumfa yana aljihunsu har ranar da aka ɗauke su zuwa asibiti. Ɗa mai shekara 40 yana nan kamar yaron shago, bai san wurin wa ake saro kaya ba, bai san wa ake bi ba, bai san wa ke bin su ba. Uwargida ba ta san akwai littafin ajiya ba, balle lambar sirrin kuɗin da ke cikin waya. In ta Allah ta kasance, masu bin bashi su zo da shaidunsu, waɗanda ake bi su yi shiru, takardar fili a neme ta a rasa, 'yan uba su shiga kotu. Dattijon yana tsoro ne, tsoronsa kuwa ba na banza ba ne, gama ya ga waɗanda suka miƙa kome suka koma abin tausayi a gidan da suka gina.

Amma tsakanin riƙe kome da sakin kome akwai hanya. Tun yana da sauran ƙarfi ya zaunar da matarsa da manyan 'ya'yansa, maza da mata, a gaban mutum biyu da aka yarda da su. A rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi. A faɗi inda takardu suke. Gida da ajiya su zauna a hannunsa. Rumfa kuwa ya miƙa wa wanda ya ga zai iya, a yanka abin da za a riƙa ba shi kowane wata, a rubuta, domin kada abin ya zama roƙo. Bayan haka yana iya zuwa kasuwa da hantsi ya zauna a kan benci, tsofaffin abokan ciniki su gaishe shi, ya gabatar musu da ɗan. Wuyar tana zuwa ne ran da ya ga yaron ya sallama riga a kan kuɗin da shi ba zai taɓa sallamawa ba, aljihun tebur kuma yana nan kusa da gwiwarsa, ya kuwa yi shiru har mai saye ya tafi.